Bencin Baya a Rumfar Goro

Majami'armu a Agege ba ta da ƙofa, don asalinta rumfar goro ce. Daga Litinin zuwa Asabar ma'aikatan Alhajin da muke haya a gidansa ne a ciki, suna tsince goro, suna jera shi cikin ganye, suna ɗaure huhu don jirgin ƙasa mai zuwa Arewa. Ran Lahadi da sassafe sai mu share ɓawo da ruɓaɓɓen ganye, mu jawo benci, mu yi sujada. Alhajin haifaffen Legas ne, jikan soja, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Shi ya ba babana aron rumfar, ya ce kada dai a shigo masa da giya ko alade, sauran kuwa tsakaninmu da Allah.

Mu 'yan kaɗan ne: masu yi wa Turawa girki, leburorin reluwe, tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙi suka ƙi komawa ƙauye, da matansu. Wani daga duwatsun Jos, wani daga kudancin Zariya, wani daga ƙasar Bauchi, kowa da yarensa. Hausa ce ta haɗa mu, kowa na murɗa ta yadda harshensa ya iya. Babana ne ya tattaro su. Gida-gida ya bi, bayan kantuna da barikin ma'aikata, duk inda ya ji labarin wani Kirista ɗan Arewa da ke zuwa cocin Yarabawa yana zama kamar kurma, sai ya je ya ce masa ga inda ake addu'a da harshen da yake ji.

A wurin aiki Baba fayaman ne, mai zuba wa injin jirgi kwal. Yana tsaye gaban wuta tun daga Ebute Metta har inda aka ce ya sauka, direba na daka masa tsawa, ba mai kiransa da sunansa. Yakan dawo gida baƙi ƙirin, sai idanu da haƙora. Tafiyar da kowa ke gudu ita yake karɓa, don a bar masa Lahadinsa. Ranar kuwa sai ya sa farar taguwar da Mama ta sa wa bula, ya tsaya gaban teburi, ya buɗe Maganar Allah, kowa ya kira shi Malam. Ba shi da gona a Legas, ba shi da gida, ba shi da dangi. Tsayuwar nan gaban teburi ita ce abin da yake da shi.

Ni kaɗai ce a 'ya'yan rumfar da ta kai sakandare. Makarantar 'yan mata ce ta mishan a Yaba, kullum ina bin jirgin safe tare da masu kai kaya kasuwa. Baba ya ce ilimin da 'ya ɗaya ta samo na rumfa ne duka, sai ya kafa wata al'ada: bayan addu'ar rufewa, kafin a watse, in tashi in gaya wa jama'a da Hausa abin da aka koya mana a makon. Dokarsa guda ce, kada in rage, kada in ƙara.

Abin ya karɓu ƙwarai. Da na gaya musu sauro ne ke kawo zazzaɓi, mazan suka fito da shebur suka cike kwatamin bayan rumfa. Da na yi bayanin yadda jini ke zagaya jiki, na ce kowa ya dafa wuyan hannunsa, duk suka dafa, suka yi tsit suna sauraron kansu, har wata tsohuwa ta ce ita nata ya tsaya. Sun saba, abin da na ce a gwada, a take ake gwadawa. Mai yi mini gardama mutum ɗaya ne, Baba Saje, dattijon ikilisiya, tsohon soja mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda a lokacin yake gadin wani kanti. A bencin gaba yake zama, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Shi ma gardamar tasa ta jin daɗi ce, in na kayar da shi sai ya ce da Baba, "Malam, wannan 'yar taka lauya za ta zama."

Kaina ya yi girma, ba sai an gaya mini ba. Yarinya ce ni da ba ta iya tuƙa tuwon kirki ba, ga masu furfura suna saurarona baki buɗe. In ina magana nakan saci kallon Baba, in gan shi ya harɗe hannu a ƙirji yana gyaɗa kai, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata sun ji.

A shekarata ta ƙarshe malamar ilimin halittu ta shigo aji da wani babban zane ta rataya. Bayarabiya ce siririya mai tabarau, ita ke jan waƙa a addu'ar safe. Zanen ƙasusuwa ne: hannun mutum, hannun biri, fiffiken jemage, ƙafar gaba ta wata dabba. Ta bi su da sanda gaɓa-gaɓa, ta nuna mana tsarin ɗaya ne, an dai miƙe wannan, an gajarta wancan. Ta ce masana sun gano halittu ba haka suka fito a rana ɗaya ba, sauyawa suka yi ta yi a hankali cikin zamanai masu tsawo, mu da birai kuma can da nisa kakanmu ɗaya. Wasu 'yan ajin suka yi tsaki, wata ta toshe kunne. Ni daɗi na ji, irin daɗin da mutum ke ji in ya warware zaren da ya sarƙe. A jirgin komawa gida ban yi komai ba sai kallon hannuwan mata da suka riƙe kwandunansu.

Ya zo mini a rai in tsallake wannan darasi, in ba su labarin kogunan duniya. Amma doka ta ce kada in rage, ni ma kuma ban so ragewa ba. Ɗokin Lahadi na yi ta yi.

Da aka rufe addu'a na tashi na zuba. Na ɗaga hannuna na ƙirga musu gaɓoɓi, na tuna musu da ƙafar akuya da suke gani wajen mahauta. Har nan ana gyaɗa kai. Da na zo kan kakan da muka haɗa da birai, gyaɗa kan ya tsaya, amma ni ban lura ba, bakina ya riga ya ɗauki zafi. Na ce, "Kowa ya kai hannu ƙarshen gadon bayansa, can ƙasa, zai ji wani ɗan ƙashi. Ragowar wutsiya ce."

Suka kai hannu, don haka suka saba. Baba Saje, da yake a gaba, ya ɗan ɗaga daga benci, ya jingine sanda, ya zura hannu ta bayan rigarsa yana lalube da gaske, duk waɗanda ke bayansa suna kallo. Matar wani kuku ta fashe da dariya, ta toshe baki da gefen zane, amma ta riga ta fita. Saje ya zare hannunsa a hankali, ya zauna, ya ɗauki sandarsa. Bai dube ni ba, sai ya dubi Baba.

Ya ce, "Malam, yau a gaban teburin Ubangiji aka sa mu laluben wutsiya?"

Baba ya ce in zauna. Ba a yi musabaha ba ranar, kowa ya kama gabansa.

Magana zarar bunu ce. Kafin Talata yaran unguwa na bina zuwa tasha suna kirana jikar biri. Alhaji ya tare Baba a zaure ina jinsu ta taga. Ya ce, "Malam, wace irin wahala ce wannan? A nan kam mu da ku bakinmu ɗaya, da yumɓu aka yi kakanmu. Mukan ce biri ya yi kama da mutum, amma kama muka ce, ba dangi ba. Ejo, don Allah, ka ja wa yarinya kunne." Bai karɓe rumfarsa ba, kuma ya kori yaran da ke tsokanata, har yau ina yi masa addu'a a kan wannan.

Mama ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Tana tankaɗe tana cewa baki shi ke yanka wuya, ba ta ce wuyan wa ba. Ita ta kai ni gidan Saje na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce dariyar da aka yi masa ya yafe, shi soja ne, an yi masa abin da ya fi haka. Amma koyarwar ba tasa ba ce balle ya yafe. Dattawa sun zauna sun yanke: ko dai in tashi ran Lahadi in faɗa da bakina cewa abin da na ce ƙarya ne, ko a cire ni daga makarantar. In ba a yi ko ɗaya ba, mutumin da irin wannan magana ke kwana a gidansa ba zai tsaya yana karanta wa jama'a Maganar Allah ba.

Na tsani Saje shekaru da yawa, na riƙa cewa haushin lalube ne kawai. Yanzu da na yi furfura na rage. Mutumin ya ga abokansa sun mutu a dajin da ba su san sunansa ba, abin da ya riƙe shi kuwa shi ne Allah da hannunsa ya yi shi, ya san shi. Ni kuma na zo da farin takalmin makaranta ina gaya masa wutsiya gare shi.

Baba bai ce mini komai ba sai ran Alhamis, da ya sauko daga aiki. Ya yi wanka, ya sa farar taguwarsa, ya ce in kai shi wajen malamar. Ta karɓe shi da mutunci, ta ba shi kujera, inda Turancinsa ya ƙare ni nake cikawa. Ya tambaye ta ko ita Kirista ce, ta ce tun kakanninta. Ya ce to don me take koya wa 'ya'yan mutane abin da ya saɓa wa Littafi? Ta ce jarrabawar daga Ingila take zuwa, abin na ciki, in ta tsallake ta cuci yaran. Ta ƙara da cewa ita a ganinta ba saɓani, wataƙila rana a wurin Allah ba irin tamu ba ce, tana iya zama zamani mai tsawo.

Baba ya girgiza kai. Mutum ne da ya yi rayuwarsa da agogon jirgi, in an ce ƙarfe bakwai, bakwai ɗin ce. Ya ce da guntun Turancinsa, "Madam, day na day," wato rana rana ce.

Da muka fito bai nufi ƙofa kai tsaye ba. Ya tsaya bakin ɗakin gwaje-gwaje yana leƙen kwalabe da 'yan matan da ke sunkuye kan teburi, ya daɗe, har sai da na ja masa hannun riga. A tashar Yaba muka zauna jiran jirgin yamma. Ya ce malamar matar kirki ce, amma ta ɓata. Sannan ya juyo ya ce, "Ke fa? Kin yarda da abin nan?"

Na so ya ba ni umarni kawai, in bi, in huta. Na ce, "Baba, ban bar Allah ba, ina addu'a kamar kullum. Amma na ga ƙasusuwan, ba zan iya cewa ban gani ba." Da na ga yadda fuskarsa ta yi sai na yi sauri na ƙara, "Zan tashi ran Lahadi in ce ƙarya ne. Magana ce kawai, me za ta ci mini?"

"Da zuciya ɗaya za ki faɗa?"

Na kawar da kai ina duban layin dogo.

"To ba za ki tsaya gaban teburin nan ki faɗi abin da ba shi ne a ranki ba. Ɓata ya ishe mu, kada ki haɗa mana da ƙarya."

Na ce to ya cire ni daga makarantar, in koyi ɗinki. Allah ya sani da baki na faɗa, a raina kuwa ina fatan kada ya ce to. Ya ce abin da ya shiga kan mutum ba a cire shi da cire mutum daga aji, sai dai ya bar ni da ɓatan, ya ƙara mini da jahilci da jin haushinsa. Ya ce, "Ni na ce kada ki rage. Ba ki rage ba." Jirgi ya zo muka shiga.

Ran Lahadi ya ja waƙar farko kamar kullum. Da aka zauna sai ya ce yana da magana. Ya ce abin da 'yarsa ta faɗa bai yarda da ko kalma ɗaya a ciki ba, kuma ba zai yarda ba har ya shiga kabari. Ya ce amma yarinya ba za ta yi rantsuwar ƙarya ba, makaranta kuma za ta ci gaba da zuwa. Ya ɗauki Littafin da hannu biyu ya miƙa wa Saje, ya bi ta tsakiyar mutane ya wuce bencin baya, inda makararru da masu goyo ke zama, inda feshin ruwa ke shigowa da damina. Na yi ta jiran wani ya tashi ya riƙo shi. Mutanen da ya bi gida-gida ya tattaro duk suka sunkuyar da kai suna duban ƙafafunsu.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu ni na ja, Baba ruwan ya doka.

Bai yi fushi ya daina zuwa ba, da ya yi haka da na sami sauƙi. Ya ci gaba da karɓar munanan tafiye-tafiye don a bar masa Lahadi. Shi ke fara zuwa, ya share ɓawon goro, ya jera benci, ya goge teburin, sannan ya koma baya ya zauna. Saje karatunsa na soja ne, yana yi yana tuntuɓe, yana bin layi da yatsa. Daga gefen mata ina hango leɓen Baba yana motsi, yana riga shi kaiwa ƙarshen aya, amma bai taɓa ɗaga murya ya gyara masa ba. A hankali sunan Malam ya bar bakin mutane. Ranar da na ji wani sabon zuwa ya ce, "Fayaman, miƙo bencin can," na fita bayan rumfa na yi kukana na dawo.

Na sha bincikar kaina ko akwai inda na yi laifin da zan iya kira da suna. Ban yi ƙarya ba, ban yi sata ba, ban ƙi bin umarnin ubana ba. Amma kullum da safe in na ɗaura jakata na nufi tasha, na san wanda ya biya mini wannan tafiya da abin da ya biya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun bai daina yi mini daɗi ba. Ina buɗe littafin halittu sai in manta da kowa, sai na rufe ne nauyin ke dawowa. A gida ban ƙara barinsa a fili ba, ƙarƙashin katifa nake cusa shi. Baba kuwa kullum a addu'ar asuba sai ya roƙi Allah ya dawo da waɗanda suka ɓata, ba ya kama suna, ni ma ina cewa amin tare da Mama. Bai ƙara tsayawa gaban teburin nan ba har ya rasu, ko bayan da Saje ya riga shi tafiya aka zo aka roƙe shi. Ya ce dalilin da ya sa ya sauka yana nan, bai canza ba.

Da jarrabawar ƙarshe ta zo, takardar halittu ta ba mu zaɓi, ba dole ba ne a amsa kowace tambaya. Tambayar asalin halittu na ciki. Ga wasu kuma a gefenta, na ganye da na ƙoda, waɗanda zan iya lallaɓawa in tsira. Na daɗe riƙe da alƙalami. Na ce wa kaina in na kauce mata, ko ba komai zan iya zuwa gida in ce ban taɓa ta ba. Amma ita na fi sani a duk takardar, kuma an riga an biya kuɗinta da abin da ya fi kuɗi. Na sunkuya na rubuta, har da zanen ƙasusuwan.

Da yamma na tarar da Baba ya sauko daga aiki, yana zaune kan turmi a tsakar gida yana kwance igiyar takalminsa, baƙin kwal har cikin kunnuwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, bai ɗago ba.

"Abin nan ya fito?"

"Ya fito, Baba."

"Kin amsa?"

"Na amsa."

Ya zare takalmi ɗaya ya ajiye, ya kama ɗayan. "Da kyau kika amsa?"

"Da kyau, Baba."

Ya zare ɗayan ya ajiye kusa da na farko. Sannan ya ce, "To, mun gode wa Allah." Ya ɗaga murya ya kira Mama, ya ce a yanka zakaran nan, yarinya ta yi ƙoƙari.

Da aka gama girki, shi da kansa ya tsamo cinya ya sa mini a kwano. Na ci duka, don na san in na bari zai tambaye ni dalili.